Hannun da Na Miƙa wa Likita

Ƙofar ƙarfe ce ta wani gidan ofisoshi a unguwar Al Mirqab, nan ƙasar Larabawa, inda nake gadi, ta cinye mini hannun dama. Irin mai tafiya da kanta ce idan an latsa maɓalli. Ta tsaya a rabin hanya, na sa hannu in taimaka mata, ita kuma ta tuna da aikinta a daidai lokacin. Aka yi mini aiki a asibiti, aka ɗinke, fata ta warke sumul. Amma yatsun suka yi yaji. Babba da manuni suna ɗan motsi, sauran kuwa ko ka haɗa su da girman Allah ba sa lanƙwasuwa da kansu.

Matata a Kano na ce mata targaɗe ne.

A nan na fara sanin doka ba don ina so ba. Alawus ɗin da gwamnati ke ba naƙasassu duk wata na 'yan ƙasa ne. Mu baƙi hanyarmu guda ce: likitocin gwamnati su duba ka, su rubuta cewa ka naƙasa a bakin aiki, su faɗi iyakar naƙasar. Da wannan takarda dole kamfani ya biya diyya. Idan babu ita, kafil, wato ubangidan da ya kawo ka, ya ce khalas, an gama, ya sa ka a jirgi ka koma gida da hannu ɗaya da rabi, ba ko sisi.

Ranar da aka ba ni ta ganin likita na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na sa sabuwar shaddar da matata ta aiko da ita ta hannun wani mai dawowa daga hutu. Ɗinki ya yi kyau, sai dai wandon ba mazagi, roba aka sa masa kamar na ɗan firamare, rigar kuma ko maɓalli ɗaya babu. Na yi ta zagin telan a zuci. 'Yan ɗakinmu a unguwar Najma kuwa suka samu abin yi, musamman Baba direba, wani dattijo Bazazzagi wanda in bai tsokani Bakano ba shayi ba ya wuce masa.

Na shiga. Likita ya miƙe ya miƙo hannu. To, ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba mutum hagu ba. Na ba shi dama, na tattara duk ƙarfin da ya rage na damƙe, ina murmushi, gumi yana bin bayana. Ya tambayi jiki, na ce alhamdulillah. Ya ce akwai ciwo? Na ce kaɗan-kaɗan, da sauƙi. Ya ce in dunƙule hannu. Na saukar da shi ƙarƙashin tebur, na lanƙwasa yatsun da hagu, na ɗago masa dunƙulen kamar ɗan dambe ya ci gasa. Tsoro nake ji kada a ce ba ni da sauran amfani, kuma a wurinmu namiji ba ya zama gaban baƙo yana raki. Mutumin ya rubuta abin da ya gani da abin da na faɗa masa: hannu ya dawo daidai.

Da takardar ta fito, Baba direba ya sa aka karanta masa sau biyu don ya ƙara jin daɗi.

“Kai Bakano, ciniki ka je yi ko asibiti? Ka ɗauka akuya za ka sayar da kake ɓoye mata gurguntaka? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya!”

Na so in yi fushi, amma dariya ta riga ni. Daga baya da na kwanta na kalli hannun. Da hannuna na rufe wa kaina ƙofa, kuma da wannan hannun dai.

Aka ce ana iya neman a sake dubawa, wannan karon a gaban kwamiti. Na nema, aka ba ni rana. Wani ɗan ɗakinmu, ɗan Zongo daga Kumasi, mai dafa abinci a wani gidan cin abinci a Souq Waqif, ya ce shi zai koya mini faɗin gaskiya. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗaura farin kyallen girkinsa, ya rataya wayar caja a wuya, ya zama likita.

“Yalla, massa, shigo. Salamu alaikum!”

Kafin ya rufe baki hannuna na dama ya riga ya fita.

“Cale, abokina, ka faɗi jarrabawa! Koma waje!”

Na koma, na sake shigowa, na cusa hannun a aljihu. Ya ce ya jiki? Na ce da sauƙi. Ɗaki ya kaure da dariya. Baba direba ya faɗo daga gadonsa yana riƙe da ciki, yana cewa sabo turken wawa. Aka yi ta yi har la'asar, ban ci ko sau ɗaya ba. Kalma biyu ce fa, “yana ciwo”, amma in ta zo maƙogwaro sai ta tsaya kamar ƙayar kifi.

Ranar kwamiti na sake sa shaddar nan, don ita kaɗai nake iya sawa ba tare da na kira wani ba. Likitoci uku ne a zaune, shugabarsu wata dattijuwa mai gilashi. Da na ga mace ce na ji kamar an yi mini bushara da Aljanna: ba musabaha. Na ɗora hannu a ƙirji na gaida ta.

Ta tambayi hannu. Bakina ya kama “alhamdu”, na cafko shi a hanya, na haɗiye sauran, sai tari ya sarƙe ni. Na yi ta tari har idona ya yi ja. Baiwar Allah ta tsiyaya ruwa a kofin takarda ta miƙo mini.

Babba ta miƙo maka abu, da wane hannu za ka karɓa? Ban ma yi tunani ba. Dama ta fita, yatsu suka taɓa kofi, likitar ta saki, kofi ya wuce ta tsakaninsu kamar ba kowa a wurin. Ruwa ya malale a tebur, ya jiƙa takardun likitan gefe, sauran ya sauka a cinyata. Na duƙa in ɗauki kofin, da daman dai, na bi shi yana gangarawa har ƙarƙashin kujera, na kasa. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba wanda ya yi dariya. Ta ce in zauna, in ɗora hannun a tebur inda kowa zai gani. Ta ce tun yaushe? Da guntun Turancina da guntun Larabcina na ce tun ranar. Na ce ba ya riƙe cokali, ba ya riƙe biro, da hagu nake cin abinci ina juya wa mutane baya. Na ce yana ciwo. Da maganar ta fita sau ɗaya sai sauran suka biyo ta, har sai da aka ce ya isa. Suka lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, suka gwada, suka rubuta.

A jirgin ƙasa na komawa ina tsaye da jiƙaƙƙen wando ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai, mutane suna matsawa gefe.

Da takarda ta biyu ta fito, da hatimin gwamnati, tana cewa hannuna ya naƙasa naƙasa ta dindindin, sai ka ce an ba ni sarauta. Ɗan Zongo ya dafa shinkafa da wake irin tasu da yajin da ya sa kowa hawaye. Baba direba ya ɗaure takardar a goshina da rawani, ya zagaya da ni ɗakunan maƙwabta yana shela cewa ga Bakanon da sai da kofi ya yi masa shaida. Na yi rawa. Ban taɓa jin an yi murnar irin wannan labari ba, amma mun yi ta, har mai kula da gida ya leƙo.

Cikin wannan zumuɗin na fita baranda na kira matata. Na ce yau zan faɗa mata wata magana, ta yi haƙuri, hannun nan ba targaɗe ba ne. Na kwashe komai na faɗa mata, har da kofin.

Ta ce, “Malam, ai na sani. Tun da ka fito daga asibiti da hagu kake ɗaga wa yara hannu a waya, dama tana ƙasa ba ka taɓa nuna ta ba.”

Na ce to me ya hana ta magana?

“Kai ka ce da sauƙi. In ƙaryata ka?” Na ji ta ja numfashi. “Wandon ya yi maka daidai? Sau biyu tela yana sa mazagi ina mayar masa.”

Na kalli robar da ke ƙuguna. A ciki Baba direba yana ƙwala mini kira in zo abinci zai huce. Na tsaya riƙe da wayar a hagu.