Tsakuwar da Ban Mayar Ba

A bayan ƙauyenmu, can cikin duwatsun Abzin, tsakanin kori, wato busasshen rafi, da garkunan albasa, akwai wani tulin baƙaƙen duwatsu da ya kai ƙugun mutum. Kushewar Tsohuwa muke ce masa. Kakata ta ce matar da ta fara gina rijiya a wurin ce ke kwance a ƙarƙashi, tun ba a san salla a ƙasar ba. Ba wanda ya riƙe sunanta. Al'adar kawai aka riƙe: duk mai barin gari sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya daga jikin tulin, ran da ya dawo ya mayar. Wai Tsohuwa ba ta yafe kayanta, ko ina ka kai sai ta jawo ka gida. Limaminmu ya sha faɗa a kan haka, amma da zai tafi hajji an gan shi ya duƙa a wurin kamar mai gyaran takalmi.

Da zan taho lakwal, makarantar sakandaren da ake ce wa lise, a Agadas, kawuna, ƙanen uwata, shi ya zaɓar mini tawa, ƴar ƙarama mai santsi. Ya ce, "Riƙe da kyau, ɗiyata. In kika ɓatar, sai dai ki tabbata a birni kina cin salati kamar akuya."

Duk hutu, kafin in gaida kowa, kushewar nake fara zuwa. Haka na yi a hutun bana, ina sauka daga motar albasa.

Ban tarar da tuli ba. Rami na tarar. Duwatsun a warwatse, ga gwangwanayen sardin, ga guntayen taba. Maza ne sun rufe fuska da rawani, ɗaya yana yawo da na'urar nan ta neman zinariya tana ta tsuwwa. A gefe an tara ƙasusuwa kamar itacen girki. Ƙoƙon kan ɗan ƙarami ne, ban zaci haka Tsohuwa take ba. Wani na bubbuga ƙashin hannunta a kan dutse don ya zare awarwaro.

"Ke! Uban me kike nema a nan?"

Mai na'urar ne ya daka mini tsawa. Sai wani ya fito daga ramin da dagi a hannu, yana ɗingishin da na sani tun ina goye.

"Ku ƙyale ta, ɗiyar yayata ce." Ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. "Ƴar lakwal, ba ki ga komi ba, kin ji ko? Wancan na jikin mota da bindiga yake."

"Kawu, Tsohuwa ce fa."

"Tsohuwa ta ci zamaninta. Rijiyata ta ƙafe, albasata ta ƙone. Ita za ta ba ƴaƴana tuwo?"

Na buɗe masa tafin hannuna, ga tsakuwar. "To wannan fa, ina zan sa ta?"

Ya kalle ta, ya kau da kai. "Jefar. Dutse ne."

Ko ƙwayar zinariya ba su samu ba. Awarwaron da ƴan duwatsun wuya suka loda, suka wuce. A gari kuwa kowa ya ga ƙurar motarsu, amma da na soma magana sai a tambaye ni ya karatu.

Kakata idonta ya tafi. Ta shafa fuskata, ta bi hannuna da laluba har ta iske dunƙulen. Ta ɓamɓare yatsuna, ta taɓa tsakuwar. Sannan ta mayar da yatsun ta rufe.

"Ashe ba ki iso ba tukuna," ta ce.

Hutu bai ƙare ba na komo Agadas. Har yau in tarho ya yi tsuwwa kusa da ni sai in ji ƙarar ƙashi a kan dutse. Uwata na aiko tambaya yaushe zan zo. Tsakuwar na ƙulle a bakin zanena, babu tulin da zan mayar da ita.