Bindigar da Ta Ƙi Zama a Kafaɗar Baba

Makon jiya wani kafinta ya zo gyara mana ƙofar falo. Yana buɗe gwangwanin man da ake shafa wa katako, warin ya daki hancina, sai na nemi kujera na zauna. Ya ɗauka jiri ne ya kwashe ni. Ban iya gaya masa cewa warin kakana ne ya shigo da shi gidana ba.

Kakana, mahaifin Baba, kafinta ne. A nan Madina aka haife shi, iyayensa ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Yana da ɗan shago a bayan titin Sultana, inda yake haɗa kabad da gadaje, amma ba da su aka san shi ba. An san shi da gyaran gindin bindiga, katakon nan da ake jinginawa a kafaɗa. Masu harbin farantan yumɓu ne ke kawo masa, waɗanda inji ke cilla musu faranti sama su fasa shi kafin ya faɗo. Bindigar tasu, da mutanen nan ke kira shozan, ba a saita ta kamar ta soja. Inda idonka ya kalla nan take harbi, in dai ta zauna daidai a jikinka. Kaka yakan ce kamar takalmi ce, na wani ba ya yi maka. Sai ya auna mutum daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya dubi tsawon wuyansa da kaurin kumatunsa, ya rage katakon da magagari ko ya ƙara. In kuma karkatarwa yake so, sai ya yi ta zuba wa wuyan katakon mai mai zafi har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi kaɗan kaɗan. Yana da girman kai a kan aikin nan, ba na ɓoye muku. Cika bakinsa kullum shi ne ba a taɓa dawo masa da bindiga sau biyu ba.

Baba kuwa direba ne. Ƙaramar bas yake ja, yana kai 'yan matan unguwarmu ta Khalidiyya makaranta ya dawo da su. Mu goma sha huɗu ne har da ni. Iyaye sun yarda da shi saboda ɗan gida ne, kuma 'yarsa na cikin motar. Abin shaƙatawarsa ɗaya a duniya shi ne harbin farantan nan, da bindigar da Kaka ya daidaita masa tun yana saurayi.

Ina shekara tara Baba ya dawo da ni kujerar gaba, kusa da shi ta dama. Ya ce wasa za mu riƙa yi. Duk mahaɗar da muka zo sai ya ce, "Yamin?" wato dama, ni kuma in leƙa in ce "Fadi" in babu kowa, ko in ce "Sayyara" in mota na zuwa. Ya ce sirrinmu ne, kada in faɗa wa kowa har Umma. Ai kuwa kaina ya kumbura. Ƙawayena na baya a matse, ni ina gaba ina ba direba umarni. Har na ƙware, ba na jiran ya tambaya, murya ƙasa ƙasa nake faɗa masa abin da ke gefena. In ya ajiye kofin shayi ya rasa, ni ce mai cewa ga shi nan dama da kai.

A sanyin shekarar da ta biyo Baba ya fara kuskuren harbi. Faranti ya tashi, ya harba, ya wuce lafiya lau ya faɗi can. Ya kai wa Kaka bindigar ya ce katakon ne ya motsa. Kaka ya gyara. Bayan mako biyu Baba ya sake mayarwa. Ranar Kaka bai ci abincin rana ba don haushi. Ya ce to, na uku a fili za a yi, a gabansa.

Wani abokin Kaka yana da gonar dabino a Khaibar, bayanta fili ne na baƙaƙen duwatsu har iya ganinka, can suke harbinsu. Muka tafi ranar hutu da sassafe, gida gaba ɗaya, a bas ɗin Baba. Kaka na kujerar baya yana gyangyaɗi, dama kunnensa ya fara nauyi, ni ina gaba ina aikina. Ina tuna sanyin safiyar, da ƙarar ruwa a kwatar ban ruwa, da Umma ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dabino tana haɗa shayi da na'ana'a.

Kaka ya jingina wani babban kwali a jikin dutse, ya zana baƙin ɗigo a tsakiya. Baba ya harba sau uku. Duka ukun ƙananan ramukan suka taru hagu da ɗigon, wuri guda. Kaka ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya karɓi bindigar ya buɗe ta, ya cire harsashi, ya leƙa ciki, ya nuna wa Baba ba komai, ya mayar masa. Ya tsaya a gabansa ya ce ya ɗora a kafaɗa ya nuna shi. Haka yake duba inda idon mutum ya zauna a kan bindiga, amma ni ban taɓa gani ba, gabana ya faɗi ganin bakin bindiga a fuskar kakana. Na taso na zo na tsaya kusa da Baba, ta dama, inda na saba.

"Sake," in ji Kaka. Baba ya sauke ya sake ɗorawa. "Me ya sa kake kwantar da kanka a kan katakon? Wane idon kake nema?"

Baba ya ce wuyansa ne ke ciwo. Kaka ya ture bakin bindigar gefe, ya sa tafin hannunsa ya rufe wa Baba idon hagu, ya ɗaga ɗaya hannun.

"Yatsu nawa?"

Baba ya karkata kai yana neman hannun. Ni kuwa bakina ya riga tunanina, kamar yadda ya saba kowace safiya. Na ce a hankali, "Uku ne, Baba."

Kurman kunnen nan na Kaka ya ji. Ya juyo ya dube ni. Shi da bai taɓa kirana da komai ba sai amaryarsa, kullum yana tsokanata wai na fi kakata iya shayi, ranar babu wasa a fuskarsa.

"Ke, tun yaushe kike gane masa?"

Na ce tun bara. Na ce a mota ne, wasa muke yi. Ina faɗa ina murmushi, don har lokacin ina ganin abin yabo ne. Sai na ji ƙarar kofi a bayana, ya suɓuce daga hannun Umma.

A wannan tsayuwar na gane. Ba wanda ya yi mini bayani. Na tuna kowace mahaɗa, da ranakun da nake cewa "Fadi" ina kallon tagar shagon alewa, da ranar da barci ya ɗan kwashe ni na farka na faɗa kawai ba tare da na leƙa ba. Idon Baba na dama ba ya gani, kuma shekara guda cur ni ce idon.

Kaka ya miƙa wa Baba hannu. "Ba ni makullin."

Ya ce wa Kaka, "Baba, da me zan ciyar da su?"

"'Ya'yan mutane goma sha uku, da taka. Ka ɗora su a kan yarinya 'yar shekara tara. Ba ni makullin."

Baba ya ba shi. Ɗan mai gonar ne ya tuƙo mu gida. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi, da an ƙara jinkiri na hagu ma zai bi shi. Tsoron a ƙwace masa lasisi ne ya hana shi zuwa tun farko. Aka sayar da bas ɗin, Baba ya koma shagon Kaka yana goge katako. Iyayen yara kuwa aka ce musu ya gaji da tuƙi. Daga baya Kaka ya lanƙwasa gindin bindigar ya mayar da ita ta kafaɗar hagu, kwana uku yana aikin. Baba bai taɓa ɗaukarta ba.

Kaka ya daɗe da rasuwa, shagon ya zama wurin gyaran waya. Bindigogin yanzu ma, an ce, da sukurori suke zuwa, kowa ya juya abinsa, ba mai tsayawa ya kalli idon wani. Baba ya tsufa, ina sonsa, ni ke kai shi asibiti, kuma har yau ba mu taɓa yin maganar nan ba. Wani lokaci ina jin tausayin tsoron da ya kwana da shi shekara guda, wani lokaci kuma in dubi 'yata mai shekara tara in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Kwanan baya a wani biki na haɗu da ɗaya daga cikin 'yan bas ɗinmu, da 'ya'yanta huɗu sun kewaye ta. Ta rungume ni, ta ce duk direbobin da aka kawo bayansa ba wanda ta samu natsuwa a motarsa kamar Baba, wai me ya sa ya daina? Na dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ya gaji ne.