Jarkar da na saya a kasuwar Tsafe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun san ni ba mai yawan rubutu ba ce a nan, iyakacina barka da ta'aziyya. Amma jiya na ga wata mata a bakin famfo tana tarar ruwan sha a wata farar jarka mai jan murfi, sai abin da ya same ni ya dawo mini sabo. Fiye da shekara ashirin ban taɓa ba da wannan labarin a fili ba. Yau zan faɗa.

Lokacin Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba. Muna zaune a Bungudu, ni da maigidana da 'yarmu Ummi mai shekara uku, ina koyarwa a firamare a Furfuri. Ruwan rijiyar makarantar jajir yake, sai na ce zan riƙa tafiya da nawa.

Na je biki Tsafe ranar kasuwa, na biya wurin masu tsofaffin robobi na sayi jarka. 'Yar madaidaiciya, mai kauri, murfinta ba ya yoyo. Na sansana na ji ɗan wari. Mai ita ya ce, "Hajiya, man girki aka zuba a ciki. Ki wanke da toka, shi ke nan."

Na wanke da toka, na wanke da sabulu, na shanya a rana. Na fara tafiya makaranta da ruwan sha a ciki.

Da ciwon kai ya fara. Sai yawu ya riƙa cika mini baki, ga gumi ko da sanyin safiya. Hannuna ya fara rawa har alli yana faɗuwa. Allo a gabana, amma rubutuna sai ya koma hazo.

A kemis aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Na sha magani. Aka ce taifot ne, aka yi mini allurai. Abin mamaki, Asabar da Lahadi garau nake, da na koma aiki sai ciwo ya dawo. Nan mutane suka samu abin faɗa, wai tsamiyar bayan ajina ce ba ta so na. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, na sha. Wallahi tsoro ya kai ni ko kallon tsamiyar ba na yi.

Wata Laraba na yanke jiki na faɗi a gaban ɗalibai. A asibiti a Gusau na farka, da ƙarin ruwa a hannuna.

Aka ɗebi jini, aka gwada fitsari, ba a ga komai ba. Maigidana ya sayar da ragon da muke kiwo don layya, kuɗin ya tafi a gwaji da magani. Kullum abin da ke raina ɗaya ne: idan na mutu, wa zai riƙe Ummi?

Bayan 'yan kwanaki na fara zama da kaina, har ana maganar sallama. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga Rawayya tana kula da Ummi. Ran nan ta dama mini kunun gyaɗa, ta zuba da zafinsa a jarkata, suka kawo mini, ita da maigidana.

Kofi biyu na sha. Na ce Inna, rabona da jin daɗin abinci irin wannan har na manta.

Kafin la'asar numfashina ya fara sarƙewa. Kumfa a baki, jikina yana karkarwa kamar an jefa ni a ruwan sanyi. Ina jin salatin Inna daga nesa.

Likita ya zo da gudu, ya buɗe idona ya haska. Ya ce, "Me ta ci yanzun nan?" Inna ta miƙa masa jarkar. Ya buɗe, ya sansana, ya juya gindinta ya duba.

Ya ce wa Inna, "Baba, wannan jarkar maganin feshin auduga ce. Roba tana tsotse shi, wanki ba ya fitarwa. Abu mai zafi da maiƙo kuwa janyo shi yake."

Inna ta dafe kai. Ta ce, "Likita, na tsiyaya ma Ummi kofi guda daga cikinta. Na bar ma maƙwabciya, in yarinyar ta tashi barci ta ba ta."

Na ji kowace kalma.

Maigidana ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Babu wayar hannu a lokacin, ga wahalar mai, sai da ya tsaya wurin 'yan bumburutu ya zuba wa mashin ɗinsa kwalba ɗaya. Ni kuwa ana ta yi mini allura a kai a kai, har bakina ya bushe ƙamas, zuciyata tana bugawa kamar za ta fito. Idona yana kan ƙofa. Ban roƙa wa kaina komai ba.

Bayan magariba ya shigo, Ummi a kafaɗarsa, tana cin gyaɗa.

Ashe an ba ta kunun ta ture kofin. Ta ce ita ba za ta sha ba sai Mama ta ba ta.

Na jima a asibiti, kuma rawar hannun ta daɗe kafin ta bar ni. Amma Alhamdulillahi, na warke. Allah Ya saka wa likitan nan da ma'aikatan jinya da alheri. Allah Ya jiƙan Inna, har ta rasu ba ta daina cewa ita ta kusa kashe mu ba, alhali ba ta da laifi ko kaɗan.

Don Allah, kada ku sayi tsohuwar jarka don ruwan sha, man girki ko kunu, komai kyanta, komai rantsuwar mai sayarwa. In an kankare takardar jikinta, ku bar ta. Manoma, in magani ya ƙare ku huda jarkar don kada wani ya ɗauka. In ciwo yana zuwa yana tafiya, ku gaya wa likita abin da kuke ci da abin da kuke zubawa a ciki.

Ummi yanzu tana da 'ya'ya biyu. Har yau in ta zo gida na dama kunu, ni nake miƙa mata kofin da hannuna.