Ranar da Na Ɓoye wa Jirgi Tuta

Shekarar da jan-baki suka sauka a bakin dam, dawarmu ta yi kyan da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni Yola ta Karaye daga gidanmu na Fulatan ta Rogo. Gonar tana gangare, dab da gonakin rake, kuma ita ce abincinmu na shekara. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, kullum da hantsi sai ya je ya tsaya yana kallonta kamar wanda aka yi wa haihuwa. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, kuma har yau ba na iya ambatonsa ban share ido ba.

Jan-baki tsuntsaye ne ƙanana, amma in suka taso sai su rufe rana. A cikin raken suke kwana, da safe su faɗa wa dawa daidai lokacin da tsabarta ke nono. Mun ɗaura gwangwanaye a igiya, mun yi ihu har muryata ta koma ta ƙato. Su kuwa sai su tashi daga wannan kusurwa su sauka a waccan.

Daga nan hukuma ta turo ƙaramin jirgi mai fesa magani, mai farfela ɗaya a hanci. Da yamma yake zuwa, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwanci. Malamin gona ya zaɓi mutum guda a kowane yanki, wanda zai ɗaga farin ƙyalle a doguwar gora don matuƙi ya gane wurin. A namu yankin Malam aka zaɓa. Jirgin ya fara ta wajen Rogo, kullum ta kanmu yake wucewa, muna jiran a zo kanmu.

Sai kuma ruwa ya ɗauke, alhali dawa na neman ɗaya ko biyu kafin ta ƙosa. A wajen niƙa mata suka gano dalili. Wai farfelar ce ke fifita hadari kamar mahuci, ta watsa shi. Wata maƙwabciyata ta dube ni ta ce, "Yaya, jirgin mijinki ya shanye mana ruwa."

Na dawo na gaya wa Malam. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Mutuniyar Rogo, abin da bai kai akori-kura ba shi zai kori hadarin Allah?"

"To me ya sa duk ranar da ya zo ba a ruwa?"

"Don ranar da za a yi ruwa ba ya zuwa."

"Ai maganata ce ka juya, Malam."

"A juyen take daidai."

Ya ce in dinga saurara. In sama ta bushe, jirgin can nesa yake bi, ƙararsa siririya kamar ta keken ɗinki, kuma nan da nan take mutuwa. In iska ta ɗauki laima kuwa, tun bai iso ba za a ji shi, ya wuce ma ana jin sa. Na ce masa ni kunnena na jin tafasar tukunya ne.

Ranar da aka zo kanmu, gari ya tashi da nauyi. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Da azahar hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙi wuluk, ya sauko ƙasa ƙasa. Na dube shi, na tuna dawar nan da ganyenta ya fara naɗewa. Na ce a raina, in jirgin bai ga tuta ba ai juyawa zai yi, ba zai tsaya yana dama mana hadari ba. Malam na fita sallar la'asar na kwance ƙyallen daga jikin gora, na ninke, na kifa turmi a kansa. Na san duk binciken namiji ba zai ɗaga turmi ba.

Ya dawo ya duba ɗaki, ya duba rumbu, har akurkin kaji ya leƙa.

"Ba ki ga ƙyallen nan ba?"

"Wane ƙyalle?" in ji ni, ina tankaɗe.

Ya ɗauki gorar haka nan ya fita da sauri. A gona ya tuɓe rigarsa ya ɗaura, ita kuma shuɗiya ce, wa zai gan ta a cikin rake?

Na daɗe ina jin jirgin kafin in gan shi. Ƙarar ta zo da kauri, kamar an kunna injin niƙa a bayan katanga, har murafan kwanona na rawa. Ta ƙarƙashin gajimare ya biyo, ƙasa sosai, sai da na hango kan mutumin da ke ciki. Ya zaga sau ɗaya, ya sake zagawa. Sai yayyafi ya sauko. Nan take muryarsa ta canja, ta dishe kamar ta mai mura, ta yi ƙasa ta dawo. Ya ɗaga hanci zai hau, amma da ƙyar, kamar jaki da kaya a kan tudu. Ya juya ya nufi yamma. Bai gama ɓacewa ba ruwa ya kece.

Na tsaya a ƙofar ɗaki ina jin kaina kamar ni na ciyar da gari. Maƙwabciyar nan, da na riga na raɗa mata, ta leƙo ta katanga ruwa na dukanta, ta ce, "Yaya, Allah ya biya ki."

Kwana huɗu ana lumshi da yayyafi. Jirgi ko motsinsa. Su kuwa jan-baki ba ruwansu da ruwa, a jiƙe suke ci.

Rana ta huɗu malamin gona ya zo, suka zauna da Malam a zaure, ni kuma na sami abin sharewa a bayan ƙofa. Na ji yana cewa ƙaramin jirgi irin wannan tsoron hadari yake. Iska mai laima ba ta ba inji ƙarfi sosai, ruwa in ya kwanta a fiffike sai ya rage masa ɗagawa, ga gilashi ya rufe, ga magani da zai bi ruwa. Shi ya sa matuƙin ke zaɓar ranar da sama ta washe. Ran nan ma don an matsa masa ne ya yi ƙuru.

"Da ya ga tuta a zagayen farko, da ya gama kafin yayyafin," in ji shi. "Me ya faru ne, Baba?"

Malam ya ce, "Sakacina ne. A yi haƙuri."

Tsintsiyar ta yi min nauyi a hannu. Na je na ɗaga turmi, na mai da ƙyallen ɗakinsa, na ajiye a kan buzu. Ashe bakin turmin ya bar masa jan zobe, don yaji na daka da safen ranar. Malam ya shigo da shi a buɗe, ya kai hanci, ya yi atishawa.

"Ikon Allah. Ƙyalle ya je yawo har ya ci tsire."

Na durƙusa. "Malam, ka yafe min."

"Na yafe. Amma ki wanke, gobe sama za ta washe."

Ta kuwa washe. Jirgin ya zo da siririyar muryarsa, ya ga tuta, ya yi aikinsa ya tafi. Sai dai rabin dawar ya riga ya tafi cikin tsuntsaye, zangarniya tsaye ba tsaba. Tun bazara ba ta yi nisa ba rumbunmu ya nuna gindi. Malam ya hau acaɓa ya je Fulatan wurin yayana ya karɓo masara, shi da ko tuwonta ba ya so. Yayana ya tambaye shi yadda aka yi, ya ce tsuntsaye ne.

Haka ya gaya wa kowa har ya koma ga Ubangijinsa. 'Ya'yanmu ma sai yau suke ji, da nake faɗa ana rubutawa. Allah ya sa wancan tuwon masarar da ya ci ba ƙorafi yana cikin mizaninsa.