Gabas ta Koma Hagu

Duk shekara idan zafi ya shigo, mu tsofaffin sojojin ruwa da muka yi aiki a jirgi ɗaya lokacin yaƙi mukan haɗu a wani zaure a unguwar Woolwich, can ƙasar Turawa, dab da kogi. Bara ne matuƙin jirginmu ya fara zuwa, yana dogara sanda, kansa fari fat. Kirista ne, amma a teku shi ke nuna mana alƙibla. Jirgi na juyawa, igwa na tashi daga gaɓa, sai ya leƙo ya ƙwala mana kira, "Masu salla, gabas ta koma hagu!" Mu kuwa sai mu ja tabarmi mu juya.

A taron na bara, da azahar ta yi muka yi alwala, sai ya miƙe ya nuna ƙofar kicin da sandarsa. "Ga gabas nan."

Wani abokinmu da ke zaune a unguwar Barking ya duba wayarsa ya ce, "Oga, ai waya ta ce bayanka ne."

Tsohon ya harari wayar. "Ita wannan ta taɓa shiga teku?"

Muka yi ta dariya har da hawaye. Wanda zai ja mu salla ya share ido ya ce, "To, Allah ya karɓi sallolinmu na baya."

Wayar dai muka bi. Shi kuma ya zauna gadin tukunyar shinkafa, kafin mu sallame ya riga ya fara da naman.