Gurbin Sheme Ya Cika

Na daɗe da barin aikin malamin wasanni, amma ranar da muka kai yaran shiyyarmu gasar kurket a Katsina ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin a bayanmu, gara ku ji ta daga bakina.

Kurket baƙo ne a wajenmu, don haka bari in yi bayani. Mutum ɗaya yana jefo ƙwallo, ɗaya yana tsaye da faffaɗan katako yana kare sanduna uku da aka kafa a bayansa. In ƙwallo ta bugi sandunan, ya fita. Masu jifa iri biyu ne. Akwai mai ƙarfi, da ke aiko ta a miƙe. Akwai mai murɗe, da ke murza ta da yatsu, ta taho a hankali, tana dira ƙasa ta karkace. Yaranmu 'yan noma ne, mai ƙarfi ba ya ba su tsoro. Mai murɗe kuwa sai su kai sara kamar masu faskare, su sari iska.

Ɗalibi ɗaya ne ya iya da mai murɗe, Lawal, ɗan garin Sheme da ke Faskari, yana ajin ƙarshe. Hannun mai jifa yake kallo, ya tako gaba ya tare ƙwallon kafin ta karkace. Mahaifinsa, Malam Ɗahiru, ya so ya cire shi daga makaranta. Da na je roƙo ya ce, "Malam, in an ɗauke shi ƙungiyar jiha shi ci gaba da karatu, na yarda. In ba a ɗauke shi ba, gona na jiranshi." Na ce ya bar mini sauran.

Ƙa'idar gasar ita ce Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su haɗa ƙungiya ɗaya ta mutum sha ɗaya. Muka zauna a Ƙanƙara da shugaban kwamiti, wani Alhaji mai son a zauna lafiya. Ya raba guraben yadda ake rabon taki: kowace ƙaramar hukuma da kasonta, kowane gari ya ga ɗansa. Gurbin Sheme kuwa an riga an ba mai tsaron bayan sanduna.

Na ce, "Ranka shi daɗe, 'yan birni suna da mai murɗe. In babu Lawal, mun kaɗe."

Ya ce, "Malam Sanusi, ban son a ce na danne Sabuwa. A sa shi benci, in abu ya ɓaci a sako shi."

Na ce a kurket ɗan benci ba ya bugu, wannan ba ƙwallon ƙafa ba ce. Ya yi murmushi ya ce zai yi magana da alƙalin wasa.

Ranar gasa mun fara da kyau. Sai 'yan birni suka miƙa ƙwallo ga wani guntun yaro mai murɗe, ya dinga tsinke mana 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya miƙe yana juya hannuwa, wai canji yake so. Alƙali ya ce babu wannan dokar. Lawal na zaune kusa da ni, ba a jefo ƙwallon da bai faɗa mini inda za ta karkata ba.

Masu zaɓen ƙungiyar jiha waɗanda suka buga kaɗai suke dubawa. Na roƙe su su gwada shi ko sau ɗaya, suka ce bayan la'asar. Direbanmu ya ce hanyarmu ba ta biyuwa da yamma, kuma gaskiya ya faɗa. Muka taho. A rahoton kwamiti aka ce rashin horo ne ya kayar da mu, wato laifina.

Ni na kai wa Malam Ɗahiru labari. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Ba komi Malam, Allah bai nuhwa ba." Lawal bai koma aji ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma har yau yana ci mini rai. A wajen manyanmu, rabo in ya tafi daidai, aiki ya yi kyau ko da an sha kashi. Alhaji ya sami yabo daga ƙananan hukumomi uku, don babu garin da ya yi ƙorafi. Saboda haka kada ɗayanku ya ɗauki alkawari a gaban uban yaro, muddin ba shi ke raba gurbi ba.