Takardar Shaida Daga Kawu Sale

Jiya a rumfar Kawu Sale, kasuwar hatsi, na ajiye littafin jarrabawar shiga digiri na biyu na kasuwanci kan buhun gero, na miƙa masa takarda.

Makarantar na son shaidar wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa. Ni na rubuta abata da Turanci, sa hannunsa kawai nake nema, don ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Ya ce in fassara masa. Na karanto, "Ya jagoranci harkar hatsinmu shekara huɗu cikin hangen nesa."

Kawu ya ƙura mini ido. "Kai, Nura? Sau ɗaya na bar maka rumfar nan na tafi Mai'adua. Na dawo kana latsa waya, akuya ta tsoma kai cikin buhun wake har wuya. Wane nesa ka hango?"

Maƙwabta suka tuntsure da dariya.

Ya sa hannu, ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma in suka ɗauke ka, su ma ba su iya kasuwa ba."

Tun jiya na kasa buɗe littafin. Jama'a, in aika takardar, ko in nemi wani kawun?